Kai Farashin Wani Dila Gaban Wani: Nazarin Cinikin Mota a Tsakanin Kurudu da Nyanya

Tsakure

Shawarar da aka fi bai wa mai neman mota ita ce kada ya saya a inda ya fara tsayawa. Ya zaga wajen diloli biyu ko uku, ya ji farashin kowa, sannan ya ɗauki na wannan ya kai gaban wancan don a rage masa. Wannan takarda ta duba yadda shawarar take aiki a filayen sayar da motoci da mazauna Kurudu suke hulɗa da su, daga hanyar Karu zuwa Karshi har babbar hanyar Abuja zuwa Keffi. Matsayar takardar ita ce, farashi uku da mai saye ya tattaro sau da yawa na mota ɗaya ne da ta bi ta bakin dillalai uku, kuma yawan zagayen kansa yana iya tayar wa mai zagayen farashi. An jingina bayanin a kan ra'in neman farashi na masana tattalin arziki, da nazarce-nazarcen dillancin Hausawa, da hukuncin ciniki a mazhabar Malikiyya.

1.0 Gabatarwa



Kurudu tana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Karu ta ratsa Jikwoyi ta wuce Orozo zuwa Karshi. Asalinta ƙauye ce, amma tun bayan da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, haya a tsakiyar birni ta riƙa kora ƙananan ma'aikata zuwa gefe, Kurudu ta cika da su. Akwai rukunin gidajen sojoji, akwai na 'yan sanda, ga ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho. Wanda yake aiki a cikin birni sai ya bi ta Karu da Nyanya, ya haura Kugbo, ya sauka AYA, cikin cunkoson da duk wanda ya taɓa shigarsa da safiyar Litinin ba ya buƙatar a yi masa bayani. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, an hana ƙananan bas-bas a 2013. Don haka mota a Kurudu ba kayan alatu ba ce. Mutum yakan tara mata kuɗi shekara da shekaru, ko ya ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata, ya biya kuɗinta lakadan a zama ɗaya. Bayan gida, babu wani ciniki da zai yi a rayuwarsa da ya kai wannan nauyi, kuma yana yin sa ne da mutumin da sana'arsa ke nan kullum.

2.0 Inda shawarar ta fito

A 1961 George Stigler ya wallafa nazarinsa kan tattalin arzikin neman bayani, ya kafa misali da farashin mota ƙirar Chevrolet a wajen dilolin Shikago: mota iri ɗaya, gari ɗaya, amma kowane dila da kuɗinsa. Ya ce dalili shi ne bincike yana cin lokaci da kuɗi, mai saye zai ci gaba da tambaya ne kawai muddin ragin da yake sa ran samu ya fi wahalar tambayar. Daga nan aka gina shawarar da ta bazu a littattafan koyar da ciniki, musamman bayan 1981, lokacin da Roger Fisher da William Ury suka yaɗa ra'ayin cewa ƙarfin mai ciniki yana ga abin da zai koma gare shi idan cinikin ya watse.

Sai dai shawarar ta taso ne a kasuwar sababbin motoci. Tun 1958 dokar Amurka ta wajabta a manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai ɗauke da farashin da kamfani ya shata mata. Diloli biyu suna sayar da abu ɗaya da ya fito daga masana'anta ɗaya, kowannensu da jarinsa da rumbunsa. A irin wannan kasuwa idan ka ce wa dila na biyu "wancan ya bar mini a kaza", ya san motar da kake nufi, ya san mai maganar abokin gasarsa ne na gaskiya, ya kuma san idan ka fita ƙofa cinikin ya tafi wa wani. Sharuɗɗa uku ke nan a dunƙule: haja iri ɗaya, masu haja daban-daban, da farashin da za a iya gaskatawa. Nijeriya ta taɓa kusantar wannan tsari a zamanin da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, take fitar da 504 ana rarraba ta ga wakilai. Wancan zamani ya wuce.

3.0 Abin da yake cikin filin

Motar da ake ciniki a kanta a yankin Kurudu kusan kullum ta hannu ce. Ko dai Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, ko da kuwa daga Amurka ko Kanada ta fito, ko kuma 'yar gida, wadda ta riga ta sha hanyoyin Nijeriya. A nan sharaɗin farko ya fara rushewa. Corolla biyu 'yan shekara ɗaya, launi ɗaya, suna fake kusa da juna, amma ɗaya fentinta na asali ne, ɗaya kuwa an saye ta a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye, irin na Copart, aka miƙar da jikinta a Legas aka fesa mata sabon fenti. Ɗaya mitar tafiyarta gaskiya take faɗa, ɗaya an mayar da ita baya. Wata ma 'yar gida ce aka cire mata lamba, aka wanke injin, aka shimfiɗa leda a kujeru, ta koma Beljiyam a dare ɗaya.

George Akerlof ya bayyana wannan matsala a 1970, kuma da motocin hannu ya kafa hujja: mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mota mai kyau ba, masu motoci masu kyau su janye, kasuwa ta cika da marasa kyau. Abin da ya shafi batunmu a nan shi ne, mai saye da ya dage sai an bi shi a kan farashi mafi ƙasa da ya ji, yana tura kansa ne wajen mota mafi muni a cikin waɗanda ya gani. Dila mai mota lafiyayya zai ce masa albarka. Mai wadda aka yi wa kwaskwarima shi zai sallama da sauri. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Ga kuma takardun kwastan. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya mayar da tsohuwar hanyar Kwatano ta zama fasa-ƙwauri a idon hukuma. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. A cikin 2019 ɗin ne kuma jami'an kwastan suka bi filayen diloli a manyan birane suna garƙame su don binciken takardun diyuti. A 2022 hukumar ta kawo tsarin ƙiyasta diyuti ta hanyar lambar jikin mota, wadda take da haruffa da alƙaluma 17. Duk da haka har yau akwai motar da aka biya mata cikakken diyuti, akwai wadda aka biya rabi aka rubuta mata shekarar da ba tata ba, akwai wadda takardarta ta wata motar ce. Bambancin kuɗi tsakanin ta farko da ta ƙarshe yana iya cinye duk ragin da mutum yake taƙama ya samu, ranar da aka tare shi a hanyar Lokoja ko ta Kaduna.

4.0 Dila, dillali, da mota ɗaya mai baki uku

Nan ne zuciyar maganar, kuma zan ɗan daɗe a kanta.

Wanda bai san kasuwar ba yana ɗauka duk motar da ke cikin fili ta mai filin ce. Ba haka abin yake ba. A fili ɗaya za ka tarar da motocin da mai filin ya shigo da su da kuɗinsa, da waɗanda wani ɗan kasuwa a Legas ya aiko a sayar masa, da na ma'aikacin da kuɗin makarantar yara ya matse shi ya kawo tasa ya ajiye. Sannan ga samari masu zama a bakin fili ko a gindin bishiya, ba su da mota ko ɗaya sai waya, amma wayar cike take da hotunan motocin kowane fili daga Karu har Kubwa. Waɗannan su ne dillalai. Dillali yana cin abinci ta hanya biyu: ko la'adar da aka yi yarjejeniya a kanta, wadda yanzu aka fi kira kamasho, ko kuma abin da ya ɗora a kan farashin mai mota, wato na sama. Mai mota ya ce a kawo masa kaza, duk abin da ya hau kai na wanda ya kawo mai saye ne. Idan dillali ya ji labarin motar daga bakin wani dillalin, shi ma wancan yana da nasa kason, sai a sake ɗorawa.

A ƙaddara mai mota yana neman naira miliyan 9 a Corolla ɗinsa. Dillali na farko ya faɗa wa mai saye miliyan 9 da dubu 600. Na biyu, wanda ya samu hoton daga na farko, ya ce miliyan 10 da dubu 200. Wani kuma ya saka ta a Jiji ko Facebook a miliyan 9 da dubu 800, ya ɗauki hoton ta wata kusurwa yadda ba za a ga allon filin ba. Mai saye yana zaune a gidansa a Kurudu da farashi uku a hannu, yana jin ya yi bincike. Ya kira na biyu ya ce an ba shi a ƙasa da haka. Na biyu ya sauko zuwa miliyan 9 da dubu 500, mai saye ya yi murna ya ci ragin dubu 700, alhali ko kwabo bai taɓa daga kuɗin mai mota ba. Na sama kawai ya ɗan zaftare.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi shi ciwo na gani da idona lokacin da na raka wani ƙanen matata, malamin makaranta ne, neman Sienna. Ya kwashe makonni yana tambaya, duk wanda aka ce masa yana harkar mota sai ya ba shi lambarsa. Ranar da muka isa filin da motar take, wani ƙaramin fili a gefen titi da aka kewaye da waya, muka tarar da ita a sahun gaba, an wanke ta tas, tayoyin suna sheƙi da man da aka goga musu. Makanikin da muka zo da shi ya buɗe bonet, ya shafa yatsa a kan kusoshin da suka riƙe fenda yana duba ko sifana ta taɓa hawa kansu, ya ɗaga robar bakin ƙofa yana neman inda sabon fenti ya tsaya, ya cusa hanci ƙarƙashin kafet. Ya gyaɗa kai. Sai aka zo ciniki.

"Alhaji, gaskiyarta nawa?"

Mai filin ya faɗi kuɗin da ya haura abin da aka gaya mana a waya.

"Haba Alhaji, ai ba haka muka ji ba. Akwai wanda ya bar mana irinta a ƙasa da wannan."

Ya yi murmushi, ya ciro wayarsa, ya ambato mana sunaye. "Malam, wannan makon mutum huɗu suka kira ni a kan motar nan, kowa ya ce yana da mai saye a hannu, kuɗi a ƙasa. Kasuwarta ta tashi. In kun samu a can, wallahi ku saya, ba na hana ku alheri."

Bayan mun koma mota muka bi sunayen da ya ambata. Duka huɗun mutanen da ƙanen matar tawa ya bai wa lambarsa ne. Shi kaɗai ne mai sayen, amma ya isa kunnen mai mota a matsayin mutum huɗu, kuma "irinta" da aka bar mana a ƙasa ita ce dai wannan da muke tsaye a gabanta.

Ra'in Stigler bai hango wannan ba, domin a lissafinsa tambaya tana cin lokacin mai tambaya ne kawai, ba ta canja farashin. A kasuwar da dillalai suka saƙa, tambaya kanta labari ce da take tafiya. Kowace waya da mai saye ya buga tana komawa wajen mai haja a matsayin shaidar cewa ana rububin hajarsa.

Tsarin ba sabo ba ne, kuma ba zamba aka ƙirƙire shi don ita ba. Polly Hill ta yi rubutu a 1966 kan masu masauki da dillalai a kasuwar Kumasi, Abner Cohen kuma a littafinsa na 1969 ya bayyana yadda fataucin shanu da goro yake gudana a unguwar Sabo ta Ibadan: baƙo ya kawo dukiyarsa ya danƙa wa maigida, maigida yana da dillalansa, su suke haɗa shi da mai saye, kuma maigida ne yake tsaya wa bashi. Aikin dillali a can shi ne ya san wa za a amince wa. Abin da ya canja a kasuwar mota shi ne, dillalin kara yana ƙarƙashin maigida da sarkin kasuwa, ana ganin fuskarsa kowace ranar kasuwa, idan ya ci amana akwai inda za a kai ƙara. Dillalin waya kuwa yana iya sauya layi gobe. Diloli suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, AMDON, amma yaron da yake tura hotuna ta WhatsApp ba lallai ne sunansa yana cikin littafin kowa ba.

Clifford Geertz, a nazarinsa na 1978 kan kasuwar Sefrou ta ƙasar Maroko, ya lura cewa inda haja ba iri ɗaya ba ce kuma bayani ya yi ƙaranci, masu saye ba sa yawan zagaye. Sukan tsaya wajen mutum ɗaya da suka saba da shi su zurfafa tambaya a kan abu ɗaya. Ina ganin tsofaffin direbobin Nyanya da ba su taɓa jin sunan Geertz ba haka suke yi: mutum yana da dilansa na shekara goma, ba don ya fi kowa araha ba, sai don idan giya ta fara ƙwacewa bayan sati biyu akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

5.0 Waya da dala

Za a iya cewa ai waya ta kawo sauƙi. Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar hannu kasuwannin hatsi na Nijar ta rage saɓanin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Gaskiya ne, amma buhun gero a Maraɗi da buhun gero a Damagaram kusan abu ɗaya ne, ana iya cinikinsa da baki. Mota ba a jin ƙarar injinta a hoto. Wayar ma ta fi yi wa masu sayarwa aiki, domin su ne suke cikin zauruka ɗaya, kafin ka tashi daga wannan fili ka isa wancan labarinka ya riga ka: ga irin motar da kake nema, ga abin da ka taya, ga motar da ka zo a cikinta. A 1995 Ian Ayres da Peter Siegelman sun tura masu gwaji wajen dilolin Shikago da salon ciniki iri ɗaya, suka tarar an fi tsuga wa baƙaƙen fata da mata kuɗi fiye da fararen maza. Mu a nan ba launin fata ake dubawa ba, takalmi ne da agogo da kakin da ke jikin mutum.

Inda ake samun bambancin farashi na haƙiƙa tsakanin dila da dila shi ne wajen canji. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Aka saki naira a tsakiyar watan, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400, kuma da wannan canjin ne kwastan take lissafa diyuti. Dila ba ya kallon abin da ya sayi mota, yana kallon abin da zai kashe ya maye gurbinta. Amma ba duka ne suke da ƙarfin jira ba. Wanda motarsa ta shekara a fili rana tana cin fentinta, ko wanda wasu motocinsa suka iso tashar Tin Can kuɗin ajiya yana hawa kullum yana neman abin da zai fanso su, wannan zai sauko ƙasa da maƙwabcinsa, kuma saukowar ta gaske ce. Shi ya kamata mai saye ya nema. Ƙurar da ta taru a ƙarƙashin mota da ciyawar da ta tsiro a gefen tayarta sun fi kowane dillali faɗa maka tsawon zamanta a wurin.

6.0 Abin da fiƙihu ya ce

Yawancin masu wannan ciniki Musulmi ne ko suna ciniki da Musulmi, don haka hukuncin yana cikin lissafi. An hana mutum ya shiga cinikin ɗan uwansa, wasu kuma suna ɗauka wannan ya haramta kai farashin wani gaban wani. Malikiyya ba su tafi a kan haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta taƙaita hanin ga lokacin da masu ciniki biyu suka riga suka karkata ga juna suna dab da ƙullawa, ba farkon tayi ba. Saboda haka mai saye da yake zagayawa yana jin farashi bai yi laifi ba, dilan da ya ba shi ƙasa da na wani a wannan mataki shi ma bai yi ba. Laifin yana farawa ne tun ana dab da cewa "na sallama" da "na saya", sannan wani ya ja mai saye gefe ya ce warware, ina da wadda ta fi ta.

Abin da aka hana kai tsaye shi ne najashu: mutum ya taya haja da tsada ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Yaron da ake sa wa ya iso fili daidai lokacin da kake ciniki, ya zagaya motar, ya ce in ba ka ɗauka ba shi zai tura kuɗi yanzu, aikinsa ke nan. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Mai saye da ya ƙirƙiro farashin da babu wanda ya ba shi, ƙarya ya yi don ya ci dukiyar wani, ko da ana kiran abin wayon ciniki. Kuma ƙaryar ba ta ma aiki. Dila ya san abin da kowace mota ta ci kafin ta iso Abuja, idan ka ambaci kuɗin da bai kai uwar kuɗi ba ya gane ko dai ba ka san kasuwa ba ko kana zolaya, daga nan duk abin da ka faɗa ba ya da nauyi.

Saura biyu a taƙaice. Malamai sun yi saɓani kan dillalin da aka ce masa abin da ya hau kai nasa ne, domin ladansa ba sananne ba ne. Kafin alƙalami kuma, idan sharaɗinsa shi ne ya zama na mai sayarwa in an fasa, Malikiyya ba su halatta shi ba, Hambaliyya sun halatta. Wannan ya shafe mu sosai, domin "ajiye wani abu in riƙe maka ita" ita ce hanyar da aka fi bi a ɗaure ƙafar mai saye kada ya je ya ji farashin wani.

7.0 Yadda farashin wani zai yi nauyi

Ban ce a daina kwatantawa ba. Na ce a san abin da ake kwatantawa. Tambayar farko ga duk wanda ya kawo farashi ita ce lambar jikin motar, ba kuɗinta ba. Da lambar ake gane ko motoci uku ne ko ɗaya ce, da ita ake duba tarihin motar da ta fito daga Amurka a rumbuna irin su Carfax, da ita kuma ake tantance takardar diyuti a ofishin kwastan. Dillalin da ya ƙi ba da lamba yana tsoron a tsallake shi ne, kuma tsoronsa yana da dalili, don haka a cire masa shi: a yanka masa la'adarsa a fili tun farko, a ce ko nawa aka daidaita da mai mota kasonsa yana nan. Daga lokacin ya daina cin riba a tsadar motar. Dillali ɗaya ya isa.

Sannan a haɗa kuɗin gaba ɗaya kafin a kai gaban kowa: kuɗin mota, da abin da makaniki ya ce za ta ci na taya da batir da gyaran ƙafa, da cikon diyuti in akwai, da kuɗin lamba da rajista a ofishin VIO. Mota mai arahar dubu 400 wadda take neman tayoyi huɗu da kwamfuresar sanyi ba ta da araha. Idan an je wajen dila na biyu, a faɗi gaskiya da cikakken bayani: mota kaza, shekara kaza, a fili kaza, makanikina ya duba ta, an bar mini a kaza, na fi son taka saboda kaza, in ka zo kusa yau zan biya. Zai iya ɗaga waya ya tabbatar, kuma so ake ya tabbatar. Kada a nemi ya yi daidai da wancan in tasa ta fi lafiya. Wani lokaci ragin ba ya zuwa a kuɗi, sai a sabon batir, ko yin rajista, ko yarjejeniyar dawo da mota cikin kwana uku idan inji ko giya suka nuna matsala.

A ɓangaren hukuma, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta hana yaudarar mai saye da haɗa baki a kan farashi, amma ba a kama abin da ba a rubuta ba, cinikin mota kuwa kusan duk da baki ake yin sa har zuwa rasit. Tun 1985 Amurka ta wajabta wa dilolin motocin hannu manna takardar da take nuna ko akwai garanti ko babu. Abin da ya dace da mu bai kai wannan wahala ba, kuma reshen ƙungiyar diloli na Abuja zai iya fara shi ba tare da jiran majalisa ba: takarda guda a gilashin kowace mota mai ɗauke da lambar jikinta, da lambar takardar kwastan, da bayanin ko ta mai filin ce ko ajiya aka kawo, da farashin da ake nema da kwanan wata. Masu cin na sama za su yi adawa, kuma su ne suka fi yawa a bakin fili. Dilan da ya biya cikakken diyuti kuwa shi ya fi kowa buƙatarta, domin a yanzu kullum ana kawo masa farashin motar da ta shigo ta daji ana cewa ya bi.